Yarinyar da Muka Bari a Bakin Rijiya

Jiya a aji, nan Madawa, ina koya wa ɗalibai kalmomin nazarin labari: jigo, salo, taurari. Sai wata ta tambaye ni, da yake Mushe suke kiran malami a nan, "Mushe, in labari ya ƙare, ina taurarinsa ke zuwa?" Alli ya tsaya a hannuna, na tuna kakata ta Babankatami.

Ita ba ta rufe gatana sai ta sallami mutanen ciki: "Ku tahi gida, kun gaji."

Wata yamma tana ba mu labarin yarinyar da ta je ɗiban ruwa, na katse ta da abin da na koyo a lakkwal, makarantar boko. "Kaka, a lakkwal an ce taurari ake kiransu. Ƙirƙira ce, babu su."

Ta dube ni, ƙamshin man shanu da hayaƙi na tashi daga zanenta. "Babu su, maigidana? To, mu bar ta can tsaye."

Ba ta ƙarasa ba har ta rasu. Har yau in na wuce tsohuwar rijiyar garinmu da tsakar rana, nakan ji igiya tana gurzar itace, alhali babu kowa.

Allah ya jiƙan Kaka. Yarinyar nan kuma, Allah ya kai ta gida.