Kaset ɗin Yayata da Na Ƙona

Shekarun baya, lokacin da kaset ke tashe, ni da abokina muka ɗauki kanmu mawaƙa. Shi yana da tsohuwar fiyano mai batir, ni kuwa ban iya komai ba sai danna rikoda. Murya ta yayata ce.

Waƙoƙin ba na biki ba ne, ba kalangu ba kirari. A wani tsohon siton gyaɗa a hanyar Dutsi muka naɗa su, don in ta ja baiti a hankali sai bango ya maido mata da shi, kamar wata na amsawa daga cikin rijiya. Masu kaset a kasuwar Daura suka ce, "Wannan ai waƙar aljanu ce, wa zai taka ta?" Kaɗan aka saya, yawanci direbobin Kongolam, can bakin iyakar Nijar.

Shekara na zagayowa yayata ta rasu wurin haihuwa. Ranar sadakar bakwai wata mai gaisuwa ta ce wa mahaifiyata duk sanda aka kunna waƙar, mamaciya ake ƙara wa nauyi a kabari. Mahaifiyata ta kira ni.

"Ka bi su duk ka karɓo. Kada ka bar mini 'ya cikin azaba."

Na bi tasha-tasha har garin Babban Mutum ina roƙon direbobi. Na haɗa da uwar kaset ɗin na cinna musu wuta mahaifiyata tana kallo. Abokina ya daina gaishe ni.

Bara waccan sai ga saƙonsa a waya, ba ko sallama. Ashe kaset ɗaya ya tsallaka Nijar, wani ya ɗora shi a intanet. Mutanen ƙasashen da ban taɓa ji ba suna ta yabo, matasa na kwaikwayon salon. Na zauna na yi kuka.

Lokacin mahaifiyata ta tsufa, ido ya tafi. Wata rana da hantsi ta ce, "Ka san abin da ke damuna? Na manta muryarta. Fuskar na nan, muryar ce ta ɓace mini."

Wayar na aljihuna, waƙar na ciki. In na kunna, za ta tambayi inda na samo, ta gane 'yarta na waƙa a duniya ba dare ba rana.

Na ce, "Allah ya jiƙanta, Inna."

Ta ce amin. Ba ta ga daminar shekarar ba, ita ma ta rasu.

Har yau ban sani ba, tausayinta na ji ko cutarta na yi. Waƙar na nan cikin wayata, ban sake kunna ta ba.