Baba Na'ibi Mai Sikeli Zai Rufe Shago

Shekara talatin da bakwai ke nan, da an idar da sallar asuba a unguwar Ammariyya ta Jidda, Baba Na'ibi yakan sha shayinsa a tsaye, ya taka da ƙafa zuwa Balad, tsohon cikin gari, ya ɗaga ƙofar ɗan shagonsa da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Sana'arsa gyaran sikelin zinari. Masu sayen tsohon zinari da masu karɓar jingina ba sa samun sabunta ruhusa, wato lasisinsu, sai jami'an hukuma sun gwada sikeli sun manna masa hatimi, kuma kafin ranar gwajin wajen Baba ake kai shi ya daidaita. Da wannan yake ci, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Akwai kuma aikin da ba wanda ya ɗora masa. Matanmu, haifaffun Jidda da waɗanda suka zo daga Sudan, in larura ta sa za su rabu da sarƙa ko ɗan kunne, sai su fara biyowa ta wajensa. Ya auna, ya rubuta nauyin a 'yar takarda, ya ce, "Riƙe wannan, 'yata, kada ki sallama a ƙasa da haka." Ko sisi bai taɓa karɓa ba.

To, ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Kada wani ya ce muku tsufa ne, wallahi ƙarya ne. Mu muka rufe masa shi, kuma raina a ɓace nake wannan rubutu.

Bara ne Hajiya Zubaidatu, wata bazawara mai sayar da abinci kusa da tashar jiragen ruwa, ta kawo awarwaron da ta gada wajen mahaifiyarta. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ce ta kusa ƙarewa, ba ta da abin sabuntawa sai su. Baba ya auna ya ba ta takarda. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo, fuska duk gumi.

"Baba, sikelin Majid ya ce ba su kai haka ba. Kusan giram guda ya tafi."

Majid ɗin nan dillalin tsohon zinari ne, kuma namu ne, ɗan wani marigayi aminin Baba. A gaban Baba aka raɗa masa suna. Sikelin ma Baba ne ya daidaita shi wata biyu kafin nan. Sai Baba ya ja ƙofarsa ya bi Hajiya.

"Ahlan ya ammi, shigo," in ji Majid. Da ya ga wadda ke tare da Baba sai murmushin ya ɗauke. "Ga ruhusa can a bango, ga hatimi ba wanda ya taɓa. Halas, shi ke nan, me ya rage?"

Gaskiya ne, hatimin lafiya lau. Amma sikelin zinari yana da wani ɗan gilashi a gefe, da ƙwayar iska a ciki, mai nuna ko ya zauna daidai a kan tebur. In ya karkata, awo ya karkata. Baba ya sunkuya ya ga ƙwayar ta koma gefe guda.

"Ɗana, ɗaga mini shi."

Majid ya tsaya ƙiƙam. Baba ya ɗaga da hannunsa, sai ga takarda an ninke ta tam a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Ya warware ta, ashe kwafin tsohuwar ruhusar Majid ne. Kai jama'a! Takardar da hukuma ta ba shi shaidar amana, ita ya naɗe yake cutar marayu da zawarawa da ita. Aka sake awo, nauyin Hajiya ya cika cif.

Baba bai kai ƙara ba, bai ko ɗaga murya ba. Amma Hajiya Zubaidatu tana da baki, kuma tana da gaskiya, kafin Juma'a labari ya gama Balad. Sai ga Alhaji Abdulwahid, babba a cikin dillalan, ya zo shagon Baba da rakiyar mutum biyu.

"Na'ibi, yaron nan namu ne, ka rufa masa asiri. Ka ce idonka ne ya fara rauni, magana ta mutu."

"Alhaji, ita matar ba tamu ba ce?"

"Yalla, ka yi tunani dai. Mu ne masu kawo maka aiki."

"Na sani. Idona kuwa ƙalau yake."

Daga ranar suka ɗauke ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, suka koma kai sikelinsu wani kamfani. Haba! Wanda ya cuci mutane yana nan yana harkarsa, an ce kuskuren ƙuruciya ne, mutum mai shekara arba'in. Wanda ya tsaya wa bazawara shi ake yi wa kallon mai tona asirin ɗan'uwa. Mu kuma sauran muka yi gum, muna gaishe shi a masallaci muna wucewa. Tir da wannan shiru namu.

Baba Na'ibi, kai ne ka san abincinka a hannunsu yake, ka ƙi cewa idonka ne. Kai ne mai mizanin da ba ya duba fuska. Na sani abin ya yi maka ciwo, don na ga yadda kake kawar da kai in ka bi ta ƙofar Majid. Mun gode, kuma ka yafe mana. Allah ya nauyaya mizaninka ranar da ba wanda zai iya cusa takarda.

Saura ku, masu karatu. Baba ya ce shagon ba ya damunsa, damuwarsa wa zai riƙa auna wa mata in ya tafi. Ya ce duk wanda ke so, namiji ko mace, ya zo ya koya masa, ya bar masa sikelinsa da duwatsun gwajinsa kyauta, da sharaɗi ɗaya: kada ya karɓi komai a hannunsu. Wata uku ke nan da ya faɗi haka a masallaci bayan la'asar, gaban kowa. Ya sayi kujera ta biyu ya ajiye kusa da tasa. Saura kwana goma sha ɗaya, kuma har yau ba wanda ya zauna a kanta.