Saƙon da Na Ƙara wa Gishiri

Ranar wata Laraba ce a watan Agusta, shekarar da nake aji biyar na firamare, muna hutu. An kwana uku ana ruwa a Jos, irin mai sanyin nan da ke ratsa ƙashi, rumfar Baba a kasuwar Katako duk ta ɗauki warin jiƙaƙƙen itace. Baba kafinta ne. Ya je wurin wasu falankan maɗaci da ya jingine da bango, ya ƙwanƙwasa ɗaya da bayan guduma, ya kara kunne, ya girgiza kai. Sannan ya kira ni. "Habu, je ka wurin Mama Obinna. Ka ce katako bai bushe ba, gado sai bayan mako biyu. Maimaita." Na maimaita sau uku, don haka dokarsa take.

Mama Obinna 'yar ƙabilar Ibo ce mai shagon atamfa, kuma babu mai cinikin da Baba yake ji da shi kamarta. Kujerun gidanta, kabad ɗinta, kantocin shagonta, duk aikinsa ne. Ta bakinta mutanen cocinsu suka san shi, har suke ba shi aikin bencina. Gadon kuwa na auren 'yarta ne. Baba ba shi da allo a bakin rumfa, bai taɓa ɗaukar mai shela ba. Yakan ce, "Aiki mai kyau shi ke kai kansa gida-gida." Saboda haka bakin mutum irinta shi ne dukan tallarmu.

Rayuwarmu a lokacin a jere take. Da asuba salla, sai jan ruwa a rijiyar gidanmu da ke unguwar Ali Kazaure, hannu na ƙagewa don sanyi, sai sharar tsakar gida, sai koko. Daga nan in bi Baba rumfa, in miƙe lanƙwasassun ƙusoshi a kan dutse, in cika buhu da garin katako wanda Inna take dafa abinci da shi. Sai an gama wannan ake maganar langa ko ƙwallon tsumma. Aike kuma yana da matakai uku: ka maimaita a gaban wanda ya aike ka, ka faɗa a gaban mai saƙo ba ta bakin wani ba, ka dawo da amsa. Ban taɓa saɓa ko ɗaya ba sai ranar nan.

Abin da ya ruɗe ni shi ne masu tallar magani a tasha. Kullum na bi ta wurin sai na tsaya ina kallon yadda mutum ɗaya da lasifika yake tara jama'a, ya ɗaga kwalba ya rantse tana warkar da cuta goma. Ina ganin wannan shi ne iya magana, na Baba kuwa rowar baki ce. Da na isa shagon na tarar da mata cike, ana zaɓen ankon biki. Mama Obinna ta hango ni ta ɗaga murya, "Ga yaron Oga Sale! Yaya gadona, ya gama?" Ido ya dawo kaina. Na ji nauyin in ce bai bushe ba a gaban wannan taro. Sai na buɗe baki na ce gadon babu irinsa a duk Jos, ranar Asabar ma za ta iya zuwa ta ɗauka. Mata suka yi shewa, ta sayo mini burodi. Da na koma Baba ya ce, "Ka faɗa?" Na ce na faɗa.

Ranar Asabar ta iso da akori-kura da surukanta biyu, don su ga abin da take ta yabo. Suka tarar da falankai a jingine da bango. Ta dubi Baba, ta dube ni, ta faɗi abin da na gaya mata kalma-kalma. Wani kafinta maƙwabcinmu ya ja Baba gefe ya ce a haɗa shi yau ɗin nan, a shafe da banish, ba mai ganewa. Baba ya ce, "In na haɗa shi jiƙe, da rani zai tsage a ɗakin amarya." Bai haɗa ba. Ta ce, "Oga, ka ba ni kunya a gaban baƙina," ta shiga mota, suka je wani wuri suka sayi haɗaɗɗe.

Bai dake ni ba, ni kuwa na so a ce duka ya yi. Ranar Litinin ya sa ni gaba har shagon, ya tsayar da ni a tsakiyar mata. Na fara faɗin saƙon da aka ba ni, sannan na faɗi wanda na ƙirƙira, sannan na ba da haƙuri. Ta ce, "Na ji," ta ci gaba da yankan atamfarta. Ba ta sake zuwa rumfarmu ba, aikin bencina ma ya bi ta. Har ƙarshen shekarar kujerun tsuguno Baba yake ƙerawa, muna ci da su.

Yanzu ni ke riƙe da rumfar. Bara ɗana Nura ya buɗe mana shafi a waya, wai kasuwa ta koma can. Da na sa tabarau na duba, sai na ga hoton wani gado da ba a taɓa yin irinsa a Katako ba, an rubuta aikinmu ne. Na tambaya, ya ce, "Baba, kowa haka yake yi." Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na lura da tsarinsu. Da farko a sato hoto. Na biyu a sa abokai su rubuta yabo a kan kayan da ko taɓa su ba su yi ba. Na uku, in mai saye ya zo da kuka, a toshe shi, a wayi gari da sabon suna. Ba mai takawa da ƙafarsa ya tsaya gaban wanda ya yaudara. Akwai yaro a layinmu da bai san yadda ake riƙe zarto ba, amma a waya shi ne babban kafintan Jos, kuma ya fi ni ciniki nesa ba kusa ba.

Na sa Nura ya goge hoton a gabana. Ya yi kwana biyu yana kumbura fuska, masu kira kuma suka ragu, na sani. Da yamma nakan zauna a bakin rumfa ina kallon matasa kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, ana ta saye da sayarwa ba wanda ya ga idon wani. Ina kewar zamanin da kowace magana take da mai ita.