Namijin da Ke Bakin Iyaka

Shadliya ta fi kowa sanin cewa bishiyar fustuƙ, mai 'ya'ya kamar gyaɗa, ba ta farkawa ta yi fure sai ta ƙoshi da sanyi. A gonar fustuƙ ta tsufa, a wani ƙauye da ke gindin dutse kusa da garin Gafsa. Can aka kawo ta amarya, can ta binne mijinta, da 'ya'yan bishiyoyin ta aurar da 'ya'yanta mata. Mace ce mai kafiya, irin wadda in ta ce a'a ko limami sai dai ya naɗe tabarmarsa.

Bana kuwa hunturu ya yi rowa. Mutane na shan shayi a ƙofar gida ba bargo suna murna, ita kuwa tana zagaya bishiyoyinta tana duba rassa. Malamin gona ya taɓa gaya musu cewa akwai wani sinadari a idon reshe da ke riƙe shi cikin barci, sanyi ne ke cinye shi a hankali, kuma yawan sanyin da kowace bishiya ke bukata a jininta yake, gado ne. Shadliya ta ce wannan ai ko kakarta ta sani, sunan ne kawai ba ta sani ba.

Matsalar ita ce fustuƙ akwai mace akwai namiji. Namiji ba ya 'ya'ya, garin furensa iska ke kai wa matan. Nata namijin mai saurin tashi ne. Ya yi fure, ya zubar da garinsa a banza, matan ko motsi ba su yi ba. Ta shimfiɗa zane ta tara abin da ta samu, ta ƙulle a tsumma, amma garin fure ba ya jimirin jira. Ranar da matan suka buɗe ido ta kwance ƙullin, ta tarar ya dunƙule ya yi wari. Furen mace kuwa 'yan kwanaki yake yi ya bushe. In ba a samu barbara a cikinsu ba, amfanin shekara ya tafi, kuma ba ta da wata gonar.

Namiji ɗaya ne ya rage a wannan gefen dutsen wanda bai zubar ba, don shi ɗan gidan masu nauyin barci ne, tare da mata yake tashi. Yana bakin iyaka, a gonar Lazhar, wan mijinta. Tun rasuwar mijin ba sa ga maciji. Lazhar ya daɗe da komawa noman zaitun, bishiyar ba ta da amfani a wurinsa, ita kuma Shadliya ta dage cewa saiwarta na shanye mata ruwa. Ta kai ƙara wurin dattawa har suka gaji, a kakar bara suka ce ya sare. Ya yi ta jan ƙafa, ita kuma duk wanda ta gani sai ta ce masa ya raina dattawa.

A al'adar wurin ba a sayar da reshen namiji, ba a kuma hana wanda ya roƙa. Amma sai an roƙa da baki, mai shi ya yanka da hannunsa. Shadliya ta kwana biyu tana juya maganar. Kunya take ji, kuma ta tsani kunyar.

Tana shan kofi da safe ta ji kukan injin yankan itace daga wajen iyaka. Ta fita ba mayafi, gwiwar da ke damunta ma ta manta da ita. Kafin ta isa, injin ya ci fiye da rabin gindin.

"Yaya Lazhar, tsaya!"

Ya kashe injin, ya dube ta. "Ikon Allah. Yau ni ne Yaya? Ai umarninki nake cikawa, matar ƙanena. Jiya a masallaci aka sake yi mini gori."

"Reshe na zo roƙo," ta ce. "Nawa ya riga ya zubar."

"Naki kullum yana rigan zubarwa. Bana dai ya yi nisa har kika lura."

Sai yanzu ta gane inda iska ke ɗebo garin da ya ciyar da gidanta duk shekarun nan, da dalilin jan ƙafarsa. Ta ce ya bar bishiyar, ta janye ƙarar, za ta faɗa a gaban kowa. Lazhar ya sa hannu a wurin yankan ya girgiza kai. Bishiyar da kanta ta fara ƙara, ta karkata a hankali, ta faɗi cikin gonar Shadliya. Garin fure ya tashi rawaya ya rufe su duka biyun.

Ya ɗauko almakashinsa ya shiga yanko mata rassa masu fure, yana miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba. Ya ce ta rataya su a kan matan tun iska ba ta kwanta ba, bana sun ishe ta. Ta tambaye shi baɗi fa. Ya ce zai yi wa wani dashe aure da idon wannan, in ya kama, nan da wasu shekaru zai fara fure.

"In muna raye," ya ce.

Shadliya ta rungumi rassan ta nufi gonarta tana kuka, tana sauri.