Bukkar Gachanja a Bakin Idon Ruwa

A kasuwar Ol Kalou har yau akwai masu rantsuwa cewa Gachanja ɗan Mugo ya saki matarsa ya tare da jakinsa a bukkar ganye, wai jakin ne ma ke dafa musu shayi. Ƙarya ce tsagwaronta. Matarsa Nyakio tana nan daram, shi kuwa jakin sau ɗaya ya leƙa bukkar, ya kaɗa kunne ya juya. Gaskiyar maganar ta fi wannan ban haushi.

Gachanja ɗan baffanmu ne, sana'arsa kai ruwa gida-gida a amalanken jaki. Shekara goma sha biyu ke nan da ya bar cocin da yayansa Thuo yake dikon, ya bi masu sujada ran Asabar, waɗanda ba sa cewa Yesu sai Yeshuwa, suna riƙe da bukukuwan Tsohon Alkawari kamar jiya aka aiko musu da wasiƙar. Tun ranar dangi ba su ƙara samun sakat ba.

Da watan da Littafi ya kira na bakwai ya tsaya, daidai lokacin da ruwan Oktoba ke haɗo hadari, sai ya ɗauko ƙahon gwanki ya hau tudu ya busa. Saniyar Thuo takan riƙe nononta kwana uku, kajin unguwa su koma yin ƙwai a tsaye. In an yi magana ya ce masu barci yake tasa, domin Sarki na dawowa, kuma wanda kunnensa ya saba da ƙaho yau ba zai firgita ba ran nan. Ran goma ga wata, Ranar Kafara, ko tsinke ba ya ɗagawa, ko ɗigon ruwa ba ya sha, masu jiran jarkokinsu su yi ta zaginsa. Cewa yake ranar ce babban firist ke shiga bayan labulen Haikali, Yeshuwa kuwa ya shiga sau ɗaya da jinin kansa, to shi Gachanja wane ne da zai yi ta kora jaki?

Sai Idin Bukkoki, kwana bakwai a ƙarƙashin karan masara da rassa, rufin da dole ya bar sama tana leƙowa. A nan aka yi ta.

Shekarar da tsoho Mugo ya rasu, gonarsa eka huɗu ba a raba ba. Ƙasa-ƙasa akwai idon ruwa, inda Gachanja ke cika jarkokinsa tun yana saurayi, sama kuwa duwatsu ne zalla. Nyakio ta cika tsakar gida da kabeji, don haka ya je bakin idon ruwan ya kafa sanduna huɗu. Har murna yake, wai a wannan idin ne Yeshuwa ya miƙe ya ce mai jin ƙishi ya zo gare shi, ga shi bana zai yi idi kusa da ruwa. Abin da ya manta, ko ya yi kamar ya manta, shi ne a wajenmu duk wanda ya kafa sanda a gonar da ba a raba ba, ya ce nan nasa ne.

Rana ta huɗu Thuo ya iso da dattawan dangi biyar, fuskarsa kamar an mari kura. Suka tarar da Gachanja zaune kan buhu yana cin githeri, dafaffen masara da wake, waken ya fi masarar yawa. Ya yi musu bayani har bakinsa ya bushe: bukkar ba gida ba ce, tuni ce cewa kakannin bangaskiya sun yi shekara arba'in ba su da ko taku ɗaya na ƙasa, kuma Almasihu da kansa bukkar nama, wato jikin ɗan adam, ya shiga ya zauna tare da mu. Ya roƙa a ba shi kwana huɗu, zai rushe ta da hannunsa.

"Kwana huɗu?" in ji Thuo. "Kafin nan ka buga mata kwano ka sa mata ƙofa. Ni ma na karanta Littafin nan, Gachanja, ban ga inda aka ce a yi ibada a kan gādon wani ba."

Ana cikin haka ruwa ya tsuge. Rufin mai tsarki ya yi aikinsa, ya zubar wa dattawa ruwa har cikin aljihu, abin da bai ƙara musu tausayi ba. Suka yanke hukunci a tsaye: in ya cire sandunan kafin rana ta faɗi, a raba gona tsaye kowa ya taɓa ruwa, in ya ƙi, an ɗauke shi mai ƙwace, rabonsa duwatsu.

Gachanja ya dubi idon ruwan, ya dubi jarkokinsa goma sha biyu da ke jere a amalanke. Ya hango Nyakio a bakin shinge ta ɗora hannu a ka. Ya miƙe har ya kama sanda ɗaya, mu da muka zo kallo muka ce yau hankali ya dawo gida. Ashe gyara mata zama yake. Ya koma kan buhunsa ya ci gaba da githerinsa da ruwan sama ya mayar miya.

Bayan taron rufe idi a rana ta takwas ya rushe bukkar kamar yadda ya faɗa, amma Thuo ya riga ya ja waya ya kewaye idon ruwan. Yanzu sai ya gangara rafi mai tafiyar awa biyu, jakin ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga garin Nyahururu. Nyakio ta yi wata guda ba ta sa masa sukari a shayi ba.

Bana ma ya kafa bukkarsa, a kan duwatsu. Muka same shi ran nan mu shida, har da Thuo, muka tsaya masa a ka. Aka tambaye shi ko Sarkin nasa zai taho da famfo, wani ya ce ya busa ƙaho ko dutsen zai yi ruwa kamar na Musa, ni kuma na ce ban taɓa ganin wanda ya ba da idon ruwa a bakin karan masara ba sai shi.

Ya gama kurɓar shayinsa, ya dubi Thuo.

"Ni kwana bakwai na yi a bakin idon ruwan, na tashi da ƙafafuna. Babanmu shekara sittin ya yi yana cewa nasa ne, mutum shida suka ɗauke shi. Kai Yaya, mutum nawa ka tanada?"