Kunnen da Rana ta Ci a Cikin Shago

Abin ya ba ni wahala, kuma har yau bai daina ba. Mutum ya ba arba'in baya, yana da 'ya'yan da suka isa aure, a ce sai ya riƙa shafa mai sau uku sau huɗu a wuni kamar amaryar da ke cikin lalle. Ba na son ƙamshinsa, ba na son danƙonsa, ba na son yadda yake barin fari-fari a wuyan riga. Amma ba a tambaye ni abin da nake so ba.

Ni zabiya ne. Haka Allah ya yi ni, haka ya yi yayana da muke kira Hamma. Sauran 'yan ɗakinmu baƙaƙe ne wuluk. Karatu ban yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya, don ko a gaban allo aka zaunar da ni ba na ganin abin da malam ya rubuta. Abin da nake gani shi ne abin da ke kusa da hancina. Shi ya sa ɗinki ya karɓe ni, allura ba ta nisa. Ina layin teloli a Kasuwar Gombe tun ina saurayi. Shago ɗaya muke da wani Babarbare, kekensa na ciki, nawa na bakin ƙofa. Shi da kansa ya bar mini wurin, don in ba a cikin haske ba zare ba ya shigar mini allura.

Hamma noma ya yi. Wani ɗan gyambo ya fito masa a ƙeya, aka ce maruru ne, daga baya aka ce jifa ne, aka yi ta barbaɗa masa garin magani. Shekara biyu abin na cinsa. Ni na yi masa wankan gawa, ni na kwance tsumman da ke wuyansa. Abin da na gani ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma a nan ma ba zan faɗa ba.

To, sai ga wani ɗan ɓawo a saman kunnena na hagu. In na ɓanɓare shi ya dawo, in na sake ɓanɓarewa ya yi jini. Wata safiya uwargida na kakkaɓe shimfiɗa ta ga ɗigon jini a matashi. Ta zo ta kama kunnen ta juya shi wajen haske.

"Malam, wannan ba ƙurji ba ne."

"To mene ne, likita?"

"Ka san ko mene ne. Tashi mu tafi asibiti."

Aka yanke saman kunnen, kamar yadda ake yi wa akuya shaida. Likita ya ce an yi sa'a, bai shiga ciki ba. Wata nas 'yar Tangale, doguwa mai faɗa, wadda kowa ke ce wa Sista, ta ba ni wani farin mai a robar matsawa irin ta man goge baki, sai dai ta fi girma. Ta yi bayani mai tsawo. Ni kuwa kunne na zogi, kai na juyawa, abin da na riƙe kawai shi ne: man rana ne, yana kare fata.

Sai na yi lissafina irin na tela. Man rana ai na wanda ke cikin rana ne. Ni a shago nake wuni, ƙarƙashin kwano. Ranar da nake sha ita ce ta hanya, daga Tumfure zuwa kasuwa a napep, in aka yi rashin sa'a na samu zaman gefe. Saboda haka da safe sai in ɗan lakata in shafa a fuska da kunne, in ɗora malafa, shi ke nan an sallami rana. Da sanyi ya shigo kuwa, sai na ɗauki robar na ɗora ta a saman kwaba, yadda ake ajiye lema in damina ta wuce. Na ce ta jira bazara.

Wanda bai san layinmu ba ba zai gane abin da zan faɗa ba. Lokacin sanyi ba mai taɓa keke da sassafe, yatsu ba sa lanƙwasuwa. Sai a fito da benci bayan shaguna, a jingina da bango, a fuskanci gabas, a sha hantsi. Mai shayi na zagayawa, ana taɗin siyasa, ana zagin masu kawo ɗinki ana gobe biki. Ga kowa wannan zama ne kawai. Ni a wurina ya fi haka. Tun ina yaro gudun rana nake, daga inuwa zuwa inuwa kamar ɓarawo. Lokacin sanyi kaɗai muke shiri da ita. In cire malafa in ajiye a gwiwa, in buɗe wuyan riga, in lumshe ido, ɗumi ya ratsa ni har ƙashi. A kan wannan bencin ba ni da bambanci da kowa.

Babarbaren nan kuwa bakinsa ba ya hutawa. Ni Bafulatani ne, kun san abin da ke tsakani.

"Matsa mini, Baturen Tumfure. Ka gasu da kyau, ko Allah zai sa ka nuna."

"Bawa ba ya zama kusa da ubangidansa. Koma ƙarshen benci."

"Ubangida da rabin kunne? Wa ya yi maka shaida in ba mai kai ba?"

Haka muke tun muna samari. Shi ya sa ranar da ya yi shiru na tsorata. Sanyi ya fara ja da baya, muna zaune a bencin, yana gefena na hagu. Ya buɗe baki zai fara, sai ya tsaya. Ya sa yatsa ya ja wuyan rigata ƙasa kaɗan.

"Tun yaushe wannan?"

"Wanne?"

"Kar ka yi mini haka. Bayan kunnen, ƙasa."

Na sani. Sati uku ina jin kaushinsa in ina alwala. Na riƙa ɗaga wuyan riga don kar uwargida ta gani. Ya ajiye kofin shayinsa, ya shiga ya rufe kekena da kansa, ya tare mini napep. Ko Bature bai ce mini ba.

Na biya gida na ɗauki robar man daga saman kwaba, na hure ƙurar da ke kanta. A raina cewa nake in Sista ta ga yadda na tattala shi za ta yaba. Kaya mai tsada, an ba ni kyauta, ban yi almubazzaranci ba.

A asibiti Sista ta duba wuyan. Sannan ta ce in nuna mata man. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta auna shi a tafinta, ta matsa, ta dube ni.

"Baba, wannan wanda na ba ka ne? Na farkon?"

"Shi ne. Ko rabi ban ci ba."

Ta dafe kai. Ta jawo kujera ta zauna a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Faɗa mini wuninka. Tun daga tashi."

Na fara. Da na zo kan shago ta tsayar da ni.

"A ina kekenka yake?"

"A ciki."

"Ciki ina? Can ƙurya?"

"Bakin ƙofa. Saboda ido."

"Ƙofar na wane gefe in ka zauna?"

Na ɗaga hannu zan nuna mata. Hannun hagu ne ya tashi. Na bar shi a sama kamar ɗan makaranta, ina kallonsa.

"Ka gani?" ta ce. "Kai kana cikin shago, kunnenka na waje."

Na ce to ai yanzu sanyi ake, ranar ba ta da ƙarfi, ko zufa ba a yi. Har na ba ta labarin bencin, don ta san ba zafi nake sha ba, ɗumi ne kawai.

"Kana cire hula?"

"Malafa. Ina cirewa."

"Kullum?"

"In dai akwai hantsi."

Ta yi wata magana da yarensu, ban ji ba, amma na san ba addu'a ba ce. Sannan ta ce, "Baba, ba zafin ne ke cin fatarka ba, hasken ne. Hasken ba ruwansa da sanyi. Lokacin zafi ma gara, yana korar ka inuwa. Lokacin sanyi kai da kanka kake kai masa wuyanka."

Ta ci gaba.

"Kuma ko ranar da ka shafa da safe. Ni ba na sallah, amma cikin masu yi na girma. In an kira azahar me kake wankewa?"

"Fuska. Hannu."

"Kunne fa?"

"Ana shafa."

"To ka wanke man tas, ka koma ka zauna a bakin ƙofa daidai lokacin da rana ta juyo. Bayan kowace alwala ta rana sai ka sake shafawa. Kullum. Da sanyi, da hadari, da Juma'a, da ranar Sallah. Wannan robar da ka kawo mini da alfahari, da tuni ta ƙare ka zo karɓar wata. Wannan ma ta daɗe a buɗe, bar ta nan, ga sabuwa."

Na ce, "Sista, a gaban mutane? A bakin masallacin kasuwa?"

"A gaban sarkin kasuwa ma. Kunya ce za ta yi maka jinya?"

Likita ya zo ya ƙona wurin da wani abu mai sanyi kamar ƙanƙara, ya fi wuta zafi. Ya ce wannan an tare shi da wuri, amma fatar gefen nan duk ta gaji, in wani ya sake fitowa ba ya yi mini alkawari. Bai yi dogon zance ba. Ni ma ba na buƙata, na riga na ga inda hanyar take ƙarewa.

Daga asibiti kasuwa na koma, ban san dalili ba. Ban buɗe keke ba. Na zauna a kujerar masu jiran ɗinki ina kallon wurin zamana kamar na wani. Rana ta riga ta karkata. Haske ya shigo ta ƙofa, ya kwanta a dandamali, ya hau ƙafar keke, ya hau teburin, ya tsaya daidai inda kafaɗata da kunnena suke zama. Kusan shekara talatin ina wurin nan, ban taɓa ganinsa ba, don kaina na sunkuye a kan allura.

Na ce wa Babarbare mu yi musanya. Bai musa ba, muka ja kekena ƙurya, muka fito da nasa. Na zauna zan gwada. Zare ya ƙi shiga. Da ya shiga, na ɗora wuyan wata kaftani da aka kawo, na bi layi yadda na saba, na ɗaga na kai kusa da ido. Ɗinkin ya tafi kamar sawun maciji. Na farke, na sake, ya sake karkacewa. Wutar lantarki kuwa a layinmu baƙuwa ce, ba a dogara da ita.

"Mayar da ni inda nake," na ce.

"Ka mutu a bakin ƙofa?"

"A ƙurya ma yunwa ce za ta kashe ni, da ni da yara."

Muka sake jan kekunan, kowa ya koma wurinsa. Ya tsaya yana haki, ya ce, "To ka shafa man mana. Me zai faru? Za mu yi maka dariya, shi ke nan. Dama muna yi."

Bayan la'asar na tsayar da limamin masallacinmu, na tambaye shi ko man zai hana alwala. Ya karɓa ya shafa a bayan hannunsa, ya murza, ya zuba ruwan buta. Ya ce tunda yana shiga fata, ba ya yin ɓawo kamar fenti, ba komai. Wallahi na so ya ce da matsala. Da na samu abin faɗa wa Sista.

Washegari sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Na dawo daga masallaci, gari ko wayewa bai gama ba, na buɗe sabuwar robar. Man ya yi sanyi kamar ruwan randa. Na shafa a fuska, a hannu, a wuya, na kewaye inda aka ƙona. Uwargida na tsaye da kofin kunu, ta ce na bar bayan kunnen dama. Na ce wannan lafiyarsa lau. Ta ce shi ya sa. Na shafa masa, na jefa robar a aljihu.

A kasuwa na tarar an fito da benci, an jeru, an bar mini gurbina. Na gaishe su daga nesa, na shiga shago na ɗauko wani ragowar yadi mai kauri, na rataye shi a rabin ƙofa, ya tare mini kafaɗa da kunne, haske na shigowa ta gaba kan allura. Mai shayi ya leƙo, na karɓi nawa a ciki, a tsaye. Ina jin dariyarsu ta bayan bango. Na zauna a keke, yatsuna sun sandare, sai da na hura su sau uku kafin zare ya shiga.