Mai Shan Ruwa a Tsugune

Shekarun baya, ina karatun kimiyyar sinadarai a Manchester, bakina ya jawo mini aiki. Na je unguwar Balsall Heath a Birmingham wurin abokina, Bahaushen Ghana. Muna cin tuwo da miyar ayoyo, kakarsa na gefe tana tsokanata da "maigidana marowaci". A nan ta ba ni labarin mahaifinta. Yana saurayi ya biyo jirgin ruwa zuwa Ingila, ya yi shekaru yana fitowa a finafinan da ba a magana: yau ɗan dako, gobe mai gadi, jibi boyin Bature. Ba a taɓa rubuta sunansa ba. Da ya koma Kumasi, mutanen zango suka ɗauki zancen tatsuniya. Ya rasu tana 'yar shekara tara, ko hoto bai bari ba.

"GP, likitana, ya ce idanun nan ba za su kai baɗi ba," in ji ta. "Fuskarsa ta ɓace mini. Ita kaɗai nake so in gani."

Ni kuwa sarkin iyayi, na ce ta ba ni sati biyu.

Wata biyar na kwashe a flat ɗina na unguwar Whalley Range a Manchester, ina bin tsofaffin finafinan da ɗakin karatun jami'a ya samo mini, har na tara guntaye goma sha ɗaya inda baƙar fata ya gifta. Wallahi raina ya ɓaci, don yawanci tunkuɗe su ake yi, ana dariya. Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham ina jin kunyar abin da zan nuna mata.

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa laptop. Muka wuce shida tana girgiza kai. Na bakwai ya fi ƙona mini rai: ɗan dako ya sauke akwati yana haki, an miƙo masa kofin ruwa, Turawa sun kewaye shi suna ƙyaƙyatawa. Na kai hannu zan tsallake, ta riƙe ni.

"Maigida, ina kake sauri? Bar shi."

Mutumin ya karɓi kofin da hannun dama, ya tsuguna, ya sha kurɓi uku yana hutawa a tsakani.

"Baba ne," ta ce a hankali.

"Kaka, ai fuskar ba ta fito ba tukuna."

"Ba ya shan ruwa a tsaye. Mu ma in ya kama mu, sai ranƙwashi."

Sai ya ɗago kai, na tsayar da hoton. Ta daɗe tana kallo. Ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Ni dai na fita waje, wai zan amsa waya.

Kafin azumi ya zagayo idanun sun rufe. Da na je dubiya ta ce kada in damu, yanzu duhun da mutum a ciki.

Har yau ina jin kunyar hannun nan da na kai zan tsallake. Ni wulaƙanci na gani, ita kuwa ta ga mutumin da aka biya shi don a yi masa dariya, bai yar da tarbiyyar gidansu ba. Allah ya jiƙansu su biyu. Tun daga ranar, ko a wurin aiki ne, sai na nemi wurin zama kafin in kai kofi baki.